Littattafan Inna Uku

Da aka ce wannan makon mu ne da fili, mun yi niyyar mu yi magana a kan yadda ake gina tauraro a labari, har mun fara rubutawa. Sai muka ajiye. Akwai abin da ya faru a zaman ƙungiyarmu na Dundaye wanda ya tsaya mana a rai, kuma laifin namu ne, don haka gara ku ji daga bakinmu.

Zamanmu ranar Asabar ne bayan la'asar, a wani ajin firamare da ake ara mana. In an cika sosai mukan kai sha biyar. Yawancinmu ɗaliban jami'ar Ɗanfodiyo ne da ke nan maƙwabtaka, sai irinmu da muka gama difloma a kwalejin kimiyya da fasaha muna zaman jiran aiki, sai malaman makaranta biyu. Kowa ya zo da abin da ya rubuta ya karanta, a yi masa gyara, wani lokaci a yi masa dariya, a tashi kafin magariba.

Wata Asabar a tsakiyar hunturu ɗaya daga cikin 'yan matanmu ta zo da gwaggonta. Dattijuwa ce doguwa, da hijabi ruwan toka, tana riƙe da leda. Ta zauna a kan bencin yara ba ta jingina ba. Aka gabatar da ita a matsayin tsohuwar 'yar sanda wadda ta yi shekara talatin da biyar tana aiki, ta yi ritaya da muƙamin sufeto, yanzu kuma tana rubuta tarihin rayuwarta da Hausa. Ba za mu faɗi sunanta ba, ba kuma za mu faɗi garuruwan da ta yi aiki ba. Inna muka kira ta ranar, Inna za mu kira ta a nan. A cikin ledar akwai littattafan rubutu uku irin na 'yan makaranta, cike da rubutun biro, layi a miƙe, babu gogewa ko ɗaya. Daga baya muka gane dalili. Mace ce da ta shafe rayuwarta tana ɗaukar bayanin mutane a takarda, inda goge kalma guda kan iya ɓata shari'a.

Babi biyu ta karanta mana.

Na farko a kan aurenta ne da bai yiwu ba. Tana da shekara biyu a aiki wani malamin makaranta ya nemi aurenta, iyaye suka amince, aka kai gaisuwa. Sai aka gaya mata a ofis cewa mace 'yar sanda ba ta aure sai ta rubuta takardar neman izini ga kwamishina, ta sa sunan mijin da inda yake zaune da sana'arsa, a bincika halinsa, kuma ba a ma duba takardar sai ta cika shekara uku. Dangin malamin suka jira wata bakwai, suka gaji, suka nema masa wata. A cikin wannan shekarar samari uku da suka fito horo tare da ita suka yi aure, ba wanda ya rubuta wa kowa takarda. Ita aka sa ta tara musu kuɗin gudummawa, don ita ce mai kyawun rubutu. Ta karanta wannan wurin da murya ɗaya da wadda ta karanta sauran, ba ta tsaya ba, ba ta duba fuskarmu ba.

Na biyu a kan wata yarinya ce da ta ɓata. Maza sun yi kwana tara suna yawo ba su samu komai ba, saboda duk wanda ya san wani abu yana cikin gidajen da aka rubuta "ba shiga" a ƙofa. Aka tuna da Inna, wadda shekara da shekaru tana kanta tana rubuta rahoto da dafa wa manya shayi. Ta cire kaki ta sa zane, ta shiga gida huɗu, ta zauna a tabarma ta taya wata tsohuwa ɓarar gyaɗa, kafin la'asar ta san inda yarinyar take. Da takardar yabo ta zo, sunaye biyar ne a ciki, duk na maza. Washegari ta koma kanta.

Da ta rufe littafin aka yi shiru, sannan shugaban zama ya ce a yi sharhi. A nan ne muka nuna halinmu.

Wanda ya fara magana bai taɓa rubutun ba ko da kalma ɗaya. Cewa ya yi, "To Inna, tun farko mi yak kai ki aikin maza?" Aka yi 'yar dariya. Wani ya ɗora da cewa ai ko yanzu ba kowane gida ne zai bar ɗiyarsa ta sa kaki ba, don haka wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wata kuma ta tambaya ko maigidanta ya san tana rubuta labarin wani saurayi da ta taɓa so. Ku lura, mu ne fa muke kiran kanmu marubuta. Da saurayi ne ya karanta mana labarin yadda ya sha wahala a aikin gini a Abuja, da mun yi ta magana a kan tsarin jimla da inda ya kamata babi ya tsaya. Ita kuwa sai muka mayar da ajin kotu, muka sa ta a akwatin wanda ake tuhuma.

Kashi na biyu su ne masu shakka. Ɗaya daga cikin malaman ya ce maganar neman izinin aure ta yi kama da ƙarin gishiri, don a Nijeriya ba ya jin akwai hukumar da za ta hana baliga aure bayan waliyyinta ya yarda. Ya ba ta shawara ta rage irin waɗannan wurare don kada mai karatu ya daina yarda da ita. Da yawa muka gyaɗa kai. Mai wannan rubutu na cikinsu.

Sai kashi na uku, kuma su ne muka fi jin nauyinsu har yau, don maganarsu tana da tushe. Akwai wani ɗan uwanmu da ke kabu-kabu da safe yana rubuta waƙa da dare. Ya ce shi kam ba zai iya jin tausayin mai kaki ba, mace ko namiji. Ya ce duk wanda ya taɓa kwana bayan kanta, ko ya ga an kai uwarsa ofis a kan rigimar da ba ta kai ta kawo ba, ya san wa ke riƙe da kulki. In 'yar sanda ta zo tana kukan an danne ta, a cewarsa, kura ce ke ƙorafin an hana ta kaso. Ba wanda ya iya ba shi amsa nan take. Gaskiya ce cewa talakan ƙasar nan bai saba ganin ɗan sanda a matsayin wanda ake zalunta ba, kuma marubucin da ya yi kamar bai san haka ba yaudarar kansa yake yi.

Inna ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Ɗana, maganarka tana littafi na biyu." Ta buɗe ta karanta shafi uku da ba ta yi niyyar karantawa ba.

Wani dare ne tana aikin kwana aka kawo wata mata mai shayarwa a kan rikicin bashi. Ƙanwar matar ta biyo ta da jaririn tana roƙo a bari ta ba shi nono. Dokar aiki ba ta hana ba, kuma Inna ce mace kaɗai a wurin, don haka ita aka bar wa shawara. Ta ga mazan suna kallonta suna jiran su ga ko za ta karaya, don a satin nan ma wani babba ya ce mata mata ba su iya aikin ba saboda taushin zuciya. Sai ta ce a'a. Jaririn ya kwana yana kuka a waje, uwar ta kwana tana kuka a ciki, rigarta ta jiƙe. Da safe mazan suka ce lallai wannan namiji ce. Ta rubuta cewa yabon nan ya yi mata daɗi a ranar, kuma wannan daɗin ne abin da take neman gafarar Allah a kansa fiye da komai.

Mun karanta littattafai da dama a ƙungiyar nan, namu da na wasu, ba mu taɓa jin shafi uku da suka kai waɗannan ba. A cikinsu ne aka ga abin da wariyar ta yi mata a zahiri. Hana ta aure da hana ta yabo abu ne da aka yi mata daga waje. Wannan kuwa ya shiga cikinta ya zauna, har ya fito ta hannunta ya sauka a kan wata macen da ta fi ta rauni. Mai kabu-kabu bai sake cewa komai ba.

Amma ku ji abin da magoya bayanta suka yi. Akwai mu huɗu ko biyar da tun farko muke gefenta, muna ganin mu ne masu wayewa. Mu ne muka taso mata cewa lallai ta cire wannan babin. Hujjarmu ita ce zai ɓata mata suna, zai ba masu cewa "mi yak kai ta" makami, kuma littafin da ke neman a tausaya wa mata bai kamata ya nuna mace tana zalunci ba. Muna son mu wanke ta tas mu fito da ita waliyyiya. Daga nan shawarwari suka yi ta zuba. A mayar da shi ƙagaggen labari. A canza mata suna. A dawo da malamin makarantar a ƙarshen littafi matarsa ta rasu, su yi aure, don masu karatu suna son haka. Wani har ya ba da sunan littafi mai daɗin ji irin na soyayya.

Ta bar mu muka gama. Sannan ta ce, "Ɗiyana, shekara talatin da biyar ina rubuta maganar mutane ina ba su su sa hannu. Bayanin da ba sa hannu takardar ƙosai ce. Wagga tawa ce, da sunana za ta fita ko ta zauna cikin leda."

A Asabar ta gaba, wata ɗalibar shari'a da ke cikinmu ta zo da kwafin ƙa'idojin aikin 'yan sandan Nijeriya na 1968, ta karanta mana tana fassarawa. Ƙa'ida ta 124 ita ce ainihin abin da Inna ta faɗa, babu ragi babu ƙari: takarda ga kwamishina, suna da adireshi da sana'ar mijin, a tabbatar mutumin kirki ne, kuma mace ta yi aƙalla shekara uku a aiki. Babu irin wannan sharaɗi a kan namiji. Ƙa'idojin da ke gabanta sun lissafa ayyukan da aka ware wa mata, wato binciken laifukan da suka shafi mata da yara, ɗaukar bayanin mata, caje mata, tsallakar da 'yan makaranta titi, aikin akawu da amsa waya, kuma an ce ba za a sa su atisaye da makami ba. Ke nan zaman kanta da Inna ta yi ba ƙiyayyar wani mutum guda ba ce kaɗai, a rubuce abin yake. Ƙa'ida ta 127 kuma ta ce duk 'yar sandar da ba ta da aure ta yi ciki a sallame ta, ba a kuma ce komai a kan ɗan sandan da ya yi wa wata ciki ba. Tun 1955 aka fara ɗaukar mata aikin ɗan sanda a ƙasar nan, amma sai 2012 Babbar Kotun Tarayya a Legas, ƙarƙashin Mai Shari'a Steven Adah, ta soke ƙa'idar neman izinin aure, bayan ƙarar da wata ƙungiyar kare haƙƙin mata ta shigar. Hujjar kotu ita ce sashe na 42 na tsarin mulkin 1999, wanda ya hana a bambanta ɗan ƙasa saboda jinsinsa.

Ta kuma ba mu labarin Omolola Olajide, 'yar sandar da aka kora a jihar Ekiti a watan Janairun 2021 da wannan ƙa'ida ta 127. A watan Janairun 2023 kotun ma'aikata da ke Akure ta ce ƙa'idar wariya ce, ta ba ta diyyar naira miliyan biyar. A 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a ƙarar da ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta kai, ta rushe ƙa'idar. A nan ma sai da muka yi gardama, don wasu sun ji kamar ana kare ciki ba aure. Ɗalibar ta ce kotu ba ta ce abin ya halatta ba, tambayar da aka yi mata ita ce don me laifin mutum biyu za a hukunta ɗaya a ƙara wa ɗaya girma. Wani ya tuna mana cewa ko ɗankwali a ƙarƙashin hula sai a watan Maris na 2022 Sufeto Janar Usman Alkali Baba ya amince mata 'yan sanda su sa. Sai muka tuna Inna ta rubuta yadda take fita gida da mayafi ta cire shi a ƙofar ofis ta cusa a jaka, da yadda 'yan unguwa ke ganinta a titi kai ba lulluɓi su kai wa mahaifinta gulma. Wannan ma mun ji shi ranar farko, ba mu ɗauke shi komai ba.

Malamin da ya ce ƙarin gishiri ne ya karɓi takardar ya duba da kansa, ya ce ashe gaskiya ta faɗa. Wannan "ashe" ɗin ita ce ta fi ba mu kunya. Dattijuwa ta zauna gabanmu ta faɗi abin da ya same ta da harshenmu, muka ƙi yarda. Takarda ta zo da Turanci da lambobi, muka yarda nan take. Kuma Inna ba ta wurin balle ta ji. Ba ta dawo ba.

Dalilin rashin dawowarta ma daga wajenmu ne. Wani cikinmu, ba da mugun nufi ba, ya ba da labarin babin mai shayarwa a majalisar shayi, don ya burge shi. Labari ya bi baki har ya isa kunnen babban ɗanta, kuma kafin ya isa ya riga ya canza kama, an ce uwarsa tana yawo wurin yara tana tona asirin kanta da na aikin gwamnati. Ya roƙe ta ta bari. Ta aiko 'yar ɗan'uwanta ta karɓi kwafin shafukan da ta bar mana don gyara, har da wanda ɗayanmu ya riga ya buga a kwamfuta, ta ce a goge. Mun goge.

Tun daga nan muke ta lissafin abin da muka yi asara. Ku duba kantin littattafan Hausa ku ƙirga mana tarihin rayuwa nawa ne mace ma'aikaciya ta rubuta da kanta, da sunanta, da Hausa. Labaran ƙirƙira kam mata sun cika kasuwa da su tun daga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed zuwa littattafan Balaraba Ramat Yakubu, kuma da yawansu gaskiya ce aka sa wa mayafi. Amma mace ta ce "ni ce, ga abin da aka yi mini, ga wanda na yi," wannan da wuya. Labarin Baba ta Karo, wanda duniya ta san rayuwar matan Hausa ta hanyarsa, Baturiya ce Mary Smith ta rubuta daga bakinta, ya fito da Turanci a 1954. Farida Waziri, wadda ta kai muƙamin Mataimakiyar Sufeto Janar ta kuma shugabanci hukumar EFCC daga 2008 zuwa 2011, ta rubuta tarihinta mai suna One Step Ahead, amma da Turanci, kuma labarin wadda ta kai sama ne. Na wadda ta tsufa a kanta, wadda ta san ƙamshin bayan kanta da ƙarfe uku na dare, ba mu da shi. Ya zo har ajinmu cikin leda, a garin Nana Asma'u da muke alfahari da ita a kowane taro, muka tambayi mai shi ko mijinta ya sani.

Ba muna cewa rubutun Inna ba shi da gyara ba. Yana da shi. Babin farko ya yi tsawo da lissafin dangi, tana maimaita ranaku kamar mai rubuta rahoto, kuma akwai wuraren da take tsallake abin da ta ji a zuciya ta wuce ga abin da ya biyo baya, alhali mai karatu yana son ta ɗan tsaya. Akwai kuma tambaya ta gaske a kan mutanen da ta ambata waɗanda suna raye, ko a bar sunayensu ko a sakaya, don kare ta daga ƙara da kuma kare iyalansu. Wannan shi ne aikin da ta zo nema wurinmu, kuma mun iya shi. Awa biyu muka yi da ita, ba mu ba shi minti biyar ba.

A zaman da ya wuce mun yanke abu biyu. Duk abin da aka karanta a aji ba ya fita sai da izinin mai shi, wanda ya fitar kuma ya bar ƙungiya. Sannan in mutum ya karanta tarihin kansa, zagayen farko na sharhi a kan rubutun ne kawai, wanda ke da tambaya a kan rayuwar marubuci ya riƙe ta har a tashi. Wasu sun ce dokar ta yi tsauri, mutum biyu ba su zo zama na gaba ba.

Mun kuma wakilta mutum uku su je gidanta ban haƙuri: shugaban zama, da ɗalibar shari'a, da mai kabu-kabu, wanda shi ya nemi a sa shi. Ta karɓe su da kyau, ta ba su fura, ta tambayi karatunsu. Da suka kawo maganar littafi ta ce ba komai, ya wuce, ta shiga wata hirar. Da za su tafi ta tambayi mai kabu-kabu sunan mahaifiyarsa da shekarar da aka kai ta ofis, da garin. Ya faɗa mata. Ta yi shiru tana lissafi, sannan ta ce a lokacin ba ta can.

'Yar ɗan'uwanta ta gaya mana shekaranjiya cewa ta aike ta kasuwa ta sayo mata littafin rubutu na huɗu da biro biyu. Mun tambaye ta ko Inna ta ce za ta sake kawo mana. Ta ce ba ta ce ba.